Ruwan da ke fita daga gaban namiji: na lafiya, na ciwo, da abin yi mataki-mataki

Daga Ngaundare zuwa Garwa, Marwa, Kusiri, har a tsallaka gada a shiga Injamena, maza na fama da damuwa iri biyu da suka yi hannun riga. Akwai saurayin da ya dawo daga zance ya ga ɗan ruwa mai yauƙi a wandonsa, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka sanyi ne ya kama shi, ya shiga zuba kuɗi wajen masu tallar magani da lasifika a bakin tasha, alhali lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma magidancin da kullum da asuba yake tarar da ɗigo ya manne a bakin gabansa, amma da yake babu zafi sosai sai ya share, ya ci gaba da kwana da iyalinsa wata da watanni. Na farko kuɗi da kwanciyar hankali yake asara. Na biyu zai iya asarar haihuwa, tasa da ta matansa. Na biyun ne ya fi damuna, kuma shi ne ya fi wuyar zuwa asibiti.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne komai a wajenmu sanyi ne: ciwon baya sanyi, raunin mazakuta sanyi, ƙaiƙayin matsematsi sanyi, mugunya ma sanyi. Muddin ba a rarrabe ba, magani ba zai faɗa inda ya kamata ba. Don haka zan yi maganar a fili, ba ɓoye-ɓoye.

Mataki na farko: san ruwan da aka halicce ka da shi

Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun tsarki ya san sunaye uku: maziyyi, maniyyi da wadiyyi. Abin da likitoci suka gano bai saɓa wa yadda malaman fiƙihu suka siffanta su ba, sai dai an ƙara mana sanin inda kowanne yake fitowa.

Maziyyi ruwa ne garai-garai, mai yauƙi da santsi, marar wari. Yana zuwa ne idan sha'awa ta motsa: wasa da iyali, dogon tunani, hira da budurwa, ko kallon abin da ke tayar da hankali a waya. Wasu ƙananan ƙululu biyu ne da ke can gindin mazakuta suke samar da shi, aikinsa ya kashe kaifin ragowar fitsarin da ke hanya, ya kuma sauƙaƙa saduwa. Wani mutum ɗigo ɗaya yake gani, wani kuwa har ya jiƙa wando. Dukansu lafiyayyu ne. Yawan maziyyi ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya ƙarar da maniyyi, ba ya hana haihuwa. Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, mutum ne mai yawan maziyyi. Kunyar surukuta ta hana shi tambayar Manzon Allah (SAW) da bakinsa, sai ya aiki Miƙdadu ɗan Aswad, amsar da ta dawo kuwa ita ce ya wanke gabansa ya yi alwala. Ba a ce ya nemi magani ba. Saurayin da ke raba dare yana tunanin wannan ruwa ya kwantar da hankalinsa. Abu ɗaya dai a kiyaye: maziyyi na iya ɗauko ƙwayoyin haihuwa, yana kuma iya ɗaukar ƙwayar ƙanjamau da sauran cututtuka, saboda haka zarewa kafin a kawo ba kariya ba ce.

Maniyyi kowa ya san shi: fari ko ruwan toka-toka, mai kauri, yana fita da tunkuɗa a ƙarshen jin daɗi, jiki ya mutu bayansa. Yawanci mililita 2 zuwa 5 ne. Bayan minti 15 zuwa 30 sai ya tsinke ya koma ruwa-ruwa, kuma haka aka tsara shi don ƙwayoyin haihuwa su samu damar tafiya. Da yawa suna ganin haka su ce maniyyinsu ya tsinke, su bazama neman magani. Wanda ya daɗe bai kusanci iyali ba, yana iya ganin nasa ya yi ɗan rawaya-rawaya ko gudaji-gudaji. Mafarki ma, ga saurayi ko magidancin da ya yi nisa da gida, lafiya ce.

Wadiyyi fari ne mai ɗan kauri, yana biyo bayan fitsari, ko lokacin yunƙurin bayan gida mai tauri, ko ɗaga kaya mai nauyi, ba tare da sha'awa ba. Ruwan furostat ne, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da na jakunkunan maniyyi da ke kusa da ita, wanda nishi ya matso waje. Idan jefi-jefi ne kuma babu zafi, abin gyarawa shi ne cikin: a yawaita shan ruwa, a ci zogale, rama, kuɓewa, gwanda da mangwaro, a rage doguwar tsugunawa ana nishi.

Ga ma'aunin da nake so ka riƙe. Waɗannan ukun kowanne yana da dalilin zuwansa da lokacinsa, yana zuwa ya wuce, ba ya tare da raɗaɗin fitsari, ba ya kama da mugunya. Ruwan da yake tsattsafowa shi kaɗai, kana zaune a shago ko kana kan babur, babu sha'awa babu yunƙuri, wannan ba ya cikinsu.

Mataki na biyu: duba kanka da asuba, kafin ka yi fitsari

Fitsari yana wanke hanya, shi ya sa mutum zai yini bai ga komai ba. Da dare abin yake taruwa. Idan ka farka, kafin ka ɗauki buta, wanke hannu, ka haska fitilar waya ka duba bakin gabanka. Leɓen ya manne? Ya yi ja ko ya ɗan kumbura? Akwai busasshen abu a gefe? Sai ka kama daga gindi ka shafo a hankali zuwa kai, sau ɗaya, ka share da farin ƙyalle ko takarda ka ga launin abin da ya fito. Duba wandon cikin da ka kwana da shi, in da hali ka sa mai haske saboda tabo ya fi bayyana.

Sau ɗaya na ce. Akwai masu matsar gabansu sau goma a yini suna neman ko wani abu zai fito. Wannan matsar ita kanta tana sa hanyar ta yi rauni, ta fara fitar da ruwa, mutum ya jawo wa kansa abin da yake tsoro.

Daga nan ka amsa wa kanka gaskiya, tunda babu mai jin ka. Yaushe abin ya fara? Akwai zafi ko ƙaiƙayi daga ciki idan kana fitsari? Cikin wata biyu da suka wuce ka sadu da wata sabuwa, ko da amarya ce, ko da sau ɗaya ne, ko da ta baki ne? Wata cikin matanka na kukan ciwon mara ko fitar ruwa? Ka yi wanka ko kamun kifi a tafki ko kogi? Waɗannan amsoshin su ne likita zai nema.

Mataki na uku: gane alamun ciwo

Gonoriya, wadda ita ce ainihin ciwon sanyi mai mugunya, ba ta da kunya. Kwana 2 zuwa 5 bayan saduwa, wani lokaci har mako biyu, sai mugunya mai kauri, rawaya ko kore-kore ko fara, ta fara zuba, ta ɓata wando, fitsari kuwa masu ciwon kan ce kamar an zuba musu barkono. Wani likitan Jamus, Albert Neisser, shi ya gano ƙwayarta a 1879. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa da ita kusan miliyan 82 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Kilamidiya ta fi ta yawa, wajen miliyan 129 a wannan shekarar, ta kuma fi ta laɓewa. Takan ɗauki mako 1 zuwa 3 kafin ta nuna, ruwanta kaɗan ne, tsinkakke, garai ko ruwan madara-madara, galibi da safe kawai, da ɗan ƙaiƙayi ko tsikari a cikin hanyar fitsari. Maza da yawa ba sa ganin komai sam, mata kuwa mafi yawansu ba sa jin alama. Ita ce mai ɗigon asuba da magidanta ke rainawa, kuma ita ce mutum kan rikita da maziyyi. Bambancin shi ne tana zuwa ba sha'awa, tana maimaituwa kullum. Akwai wasu ƙwayoyin kuma, tirikomonas da mikofilasma, da ke kawo irin wannan alama.

Kada ka dogara da launi wajen yanke hukunci. Gonoriya kan zo a sanyaye, kilamidiya kan zo da ƙarfi, kuma sau da yawa su biyun tare suke shiga mutum.

Sai maganar da ake yawan faɗa, wai daga masai aka ɗauka, ko an tsallaka fitsarin wani, ko an zauna kan kujerar babur mai zafi, ko gado ne daga uwa. Ƙwayar gonoriya ba ta jure bushewa, tana mutuwa da wuri idan ta bar jiki. Ita da kilamidiya ta saduwa ake ɗaukarsu, ko jariri ya ɗauka wajen haihuwa. Na san ana faɗin zancen masai ne don rufin asiri, kuma rufin asiri abu ne mai kyau, amma illarsa ita ce wanda ya yarda da shi ba zai ga dalilin kai matarsa asibiti ba.

Akwai abubuwan da ke kama da ciwon saduwa alhali ba shi ba ne, kuma a yankinmu tsargiya ce kan gaba. Masunta a Lagdo, manoman shinkafa a Maga da Yagwa, yaran da ke iyo a Binuwai da Logon, mazauna bakin Tafkin Chadi, duk suna cikin haɗarinta. Tsutsarta na fitowa daga dodon koɗin ruwa ta huda fata, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Alamarta jini a ƙarshen fitsari, a ɗigon ƙarshe, wani lokaci da zafi. A babban mutum takan taɓa furostat da jakar maniyyi, sai ya ga jini ko canjin launi a maniyyinsa. Ana ganin ƙwanta a gwajin fitsari, maganinta firazikwantel, ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 40 ga kowane kilo. Kafso ba ya yi mata komai. A wasu ƙauyuka har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma, alhali idan ta daɗe takan lalata ƙoda, takan kuma kai ga ciwon dajin mafitsara.

Zafin bazara ma na ruɗar mutane. A watan Maris zuwa Mayu, lokacin da Garwa da Injamena ke haura digiri 40, ballantana in azumi ya faɗo ciki, fitsari kan yi ja ya yi kauri, ya ɗan yi zafi. Idan babu ruwan da ke fita, kuma ka sha ruwa sosai kwana ɗaya ko biyu abin ya wuce, shi ke nan. Sabulu mai ƙarfi, turare, ko wanke gaba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kan ƙona bakin hanyar. Mai ciwon suga kan samu ja da ƙaiƙayi da farin abu a kan kaciya. Dattijon da ya haura 50, mai yawan tashi fitsari da dare, fitsarin gurɓatacce mai wari, shi kuma an fi zargin mafitsara ko furostat.

Waɗannan alamun kuwa ba a kwana da su. Ɗan maraina ɗaya ya kumbura yana ciwo, musamman da zazzaɓi. Ciwon maraina mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya ga yaro ko saurayi, har da amai, domin yana iya zama murɗewa ce, kuma idan aka wuce awa 6 ba a yi aiki ba ana iya rasa ɗan marainan. Fitsari ya tsaya cak, mara ta cika. Jini na fita daga gaba bayan haɗarin babur ko faɗuwa a kan ƙarfe. Mugunya tare da kumburin gwiwa ko wuyan hannu da ƙuraje a fata. Ido ya yi ja yana zubar da mugunya ga mai ciwon sanyi. Ko tsakar dare ne a nufi asibiti.

Mataki na huɗu: abin yi kafin ka isa asibiti

Dakatar da saduwa daga yau. Kada ka sha komai da sunan maganin sanyi, ko kafso, ko allurar mai shagon unguwa, ko tsimi. Ƙwaya biyu ko uku na kafso sun isa su rage mugunya su ɓata sakamakon gwaji, cutar kuma tana nan, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Idan ka riga ka sha, ɗauki kwalin ko ɓawon ka tafi da shi.

Ka riƙe fitsari aƙalla awa 2 kafin a duba ka. Mafi kyau ka je da sassafe. Kada ka wanke ciki da lemun tsami, kanwa ko wani ruwan magani. Wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa wurin, don kada ka kai ƙwayar idonka.

Bari in tsaya kan maganin gargajiya, don na san nan ne yawancinmu ke fara zuwa. Mugunyar gonoriya takan ragu da kanta bayan wasu makonni ko ba a sha komai ba. Mutum ya sha jiƙo ya yi ta fitsari, mugunya ta ɗauke, ya yi godiya ya kawo wa mai magani abokinsa. Ƙwayar kuwa ta haura sama. Bayan shekaru sai a ga fitsari ya sirance yana fita da ƙyar saboda tabo ya tsuke hanya, ko a yi aure shekara biyar shiru, a yi ta ɗora wa mace laifi. Kafson da ake shanyawa a tire cikin rana a kasuwa shi ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Ko na gaske ne ma, fenisilin, tetirasikilin da sifuro da iyayenmu suka sani gonoriya ta daɗe da gagarar su a yawancin duniya.

Mataki na biyar: a gaban likita

Ba sai ka je babban asibiti ba. Asibitin unguwa ko na gunduma an horar da ma'aikatansu kan wannan, kuma direban da ya ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zai nufi Kusiri ba sai ya jira ya koma gida ba, ya tsaya a garin da ya samu kansa. Idan kunyar idon sani ce, je asibitin wata unguwa. Idan Faransanci ko Fulatanci ko Larabcin Chadi na ba ka wuya, nemi ma'aikacin da ke jin Hausa, ya fi ka tafi da ƙaninka ya yi maka tafinta, don a gabansa ba za ka faɗi gaskiya ba.

Jimla ɗaya ta isa buɗe magana: "Likita, kwana huɗu ke nan ina ganin ruwa na fita daga gabana, fitsari kuma da zafi." Sauran shi zai tambaya. Ka ba shi gaskiyar yawan matan da ka kusanta da lokacin, ka faɗa masa idan wani magani ya taɓa yi maka borin jini. Ka yarda ya duba da idonsa, ya taɓa maraina da matsematsi don neman kaluluwa ko gyambo. Sirrinka amana ce a wuyansa, dokar aikinsa ta hana shi fitar da shi.

Inda akwai ɗakin gwaji, za a ɗebi ruwan da ɗan tsinke mai auduga a bakin hanyar, akwai ɗan zafi na daƙiƙu kaɗan. A madubin likita ana iya ganin ƙwayar gonoriya a ranar. Ana kuma iya shuka ta, wato a raine ta a ɗakin gwaji, a ga maganin da ke kashe ta, wannan kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma shi ake buƙata idan ciwo ya ƙi jin magani. Manyan ɗakunan gwaji, irin reshen Centre Pasteur da ke Garwa da na manyan asibitoci, su ake turawa don irin wannan. Idan fitsari aka nema don neman waɗannan ƙwayoyi, farkon abin da ya fito ake tara, ba na tsakiya ba. Inda babu gwaji, ƙa'idar ita ce a ba ka maganin gonoriya da kilamidiya gaba ɗaya a zuwan farko. Wannan ba ganganci ba ne, tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don kada mai ciwo ya tafi bai dawo ba.

Kada ka fita ba a gwada jininka ba: ƙanjamau, tunjere, da ciwon hanta nau'in B. Hanyar shigarsu ɗaya ce, kuma hanyar fitsarin da ta yi rauni ta fi saurin karɓar ƙanjamau, ta kuma fi saurin ba da shi. A Kamaru an cire kuɗin gwaji da kulawar ƙanjamau a asibitocin gwamnati tun Janairun 2020. Wanda kuma ya san ya yi saduwa mai haɗari cikin awa 72 da suka wuce, ya faɗa nan take, akwai maganin kariya da ake farawa cikin wannan wa'adi.

Mataki na shida: shan magani yadda ya kamata

Na kawo sunayen ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ba don ka je ka saya da kanka ba. Gonoriya allurar seftiriyazon ake yi mata, sau ɗaya, a tsoka. Saboda ƙwayar na ƙara taurin kai, an yi ta ɗaga awon, a shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ya kai giram 1. Kilamidiya kuwa doksisikilin ne, miligiram 100 safe da yamma, kwana 7, ko azitiromisin inda wancan bai dace ba. Idan ana zargin tirikomonas sai a ƙara metironidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, kuma ba a haɗa shi da giya ko bilbil.

Doksisikilin na da sharuɗɗa. A sha shi da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, bayan an ɗan ci abinci, kada a kwanta sai an yi rabin awa ko fiye, don idan ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. Mai azumi ya kiyaye wannan sosai, tunda al'adarmu ce a yi sahur a koma shimfiɗa. A raba shi da nono, kindirmo, maganin ƙarin jini da na gyambon ciki da kamar awa 2. Yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Ba a ba mai ciki. A kwana na biyu ko na uku za ka ji garau, nan ne mutane ke ajiye sauran ko su miƙa wa aboki. Shanye shi duka. Ka saya a farmasin asibiti ko farmasi mai lasisi, ka duba ranar lalacewarsa.

Mataki na bakwai: iyali

Nan ne aikin yake, nan ne kuma maza suka fi faɗuwa. Duk macen da ka kusanta cikin kwana 60 kafin alamun su fara tana buƙatar magani, ko tana jin wani abu ko ba ta ji. Mai mata biyu, uku ko huɗu, dukansu ne, a lokaci guda. Idan ka yi wa amarya ka bar uwargida, ranar girkinta za ka sake ɗauka, ka mayar wa amarya, gidan ya yi ta juya ciwo ɗaya shekara da shekaru ana cewa sanyi ba ya jin magani.

Abin da ciwon ke yi wa mace ya fi naka muni. Yana haurawa mahaifa ya toshe hanyoyin ƙwai, ya bar ta da ciwon mara na dindindin, ko rashin haihuwa, ko ciki a wajen mahaifa wanda kan fashe ya yi kisa. Jaririn da ya biyo ta hanyar kan tashi da kumburin ido da mugunya cikin makonni biyun farko, kuma gonoriya na iya makantar da shi cikin 'yan kwanaki. Idon jariri mai mugunya ba na tozali ko ɗiga nono ba ne, na asibiti ne a ranar.

Yaya za ka faɗa? Ka keɓe da kowacce a ɗakinta, ba a tsakar gida ba. Kana iya cewa: "Hajiya, na je asibiti an sami ciwo a jikina wanda miji da mata ke ba juna. Likita ya ce sai an duba mu duka, ko ba kya jin komai. Gobe ki shirya in kai ki." Idan bakinka ya yi nauyi, roƙi likita ya yi bayanin a gabanku, sun saba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a saya wa mace magani a ce na shawara ne ko na ƙarin jini. Tana iya kasancewa da ƙaramin ciki ba ka sani ba, kuma jikinta ne, tana da haƙƙin sanin abin da take sha.

Ga wanda kuma ya san bai taɓa fita waje ba, ya ji tsoron Allah kafin ya zargi matarsa. Kilamidiya na iya zama a jiki watanni masu yawa, har fiye da shekara, ba alama. Mace kan shigo da ita daga auren baya ba ta sani ba, namiji kan shigo da ita daga nasa. Gwaji ba ya nuna wanda ya fara, ba ya nuna ranar da aka ɗauka. Wani kumburin hanyar fitsarin ma ba a samun ƙwayar saduwa a cikinsa ko kaɗan.

Mataki na takwas: bayan magani

Babu saduwa har kwana 7 daga ranar allura, har ka gama ƙwayoyinka, har kowacce cikin matanka ta gama nata. Idan bayan mako guda ruwan bai tsaya ba, koma wurin wanda ya ba ka maganin, kada ka sauya asibiti ka fara daga farko kana ɓoye abin da ka sha. Dalilan da aka fi samu su ne ba a shanye magani ba, ko an sake ɗauka daga wadda ba a yi wa ba, ko tirikomonas ce ko mikofilasma, ko ƙwayar ta gagari maganin, a nan ne ake shuka ta a gwada. Ɗan tsikari ba tare da ruwa ba kan ɗauki mako biyu ko uku kafin ya lafa, wannan ba dalilin ƙara kafso ba ne, sai dai a daina matsar wurin.

Warkewa ba ta hana sake kamuwa. Wanda ya san ba zai iya kame kansa a tafiya ba ya yi amfani da kwaroron roba tun daga farkon saduwa har ƙarshe, kuma mai shirin ƙara aure ya sa gwajin waɗannan cututtuka cikin gwajin da ake yi kafin ɗaurin aure, shi da amaryar. Bayan wata 3 ka koma a sake duba ka, a kuma maimaita gwajin ƙanjamau, domin gwajin gaggawa ba ya kama sabon kamu a makonnin farko. Idan daga baya ka lura fitsarinka ya sirance, ko yana rabuwa biyu, ko sai ka yi nishi yake fita, ka nemi a tura ka wurin likitan mafitsara tun hanyar ba ta toshe ba.